Ambulan Ranar Juma'a: Yadda Ɗalibin Likitanci Ke Neman Gurbin Ƙwarewa a Amurka

A ranar Juma'a ta uku ta watan Maris, da ƙarfe 12 na rana agogon gabashin Amurka, wato ƙarfe 5 na yamma agogon Najeriya da Nijar, dubban ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun koyon aikin likita kan taru a manyan zaurukan makarantunsu, kowa riƙe da ambulan da ba a yarda ya buɗe ba sai lokaci ya cika. Iyaye na tsaye a gefe, wasu ɗaliban da matansu, wasu da yara a kafaɗa. Lokaci na cika sai ƙarar yage takarda ta cika zauren, sai ihu, sai kuka, wani na murna, wani na ban kwana da garin da ya saba. Layi ɗaya ne ke da amfani a cikin takardar: sunan asibitin da ɗalibi zai koma da fannin da zai ƙware a kai. Wannan layi shi ke yanke inda mutum zai zauna na shekara uku zuwa bakwai, da irin likitan da zai zama har tsufansa.

Amurkawa na kiran wannan tsari Match, ma'ana haɗa kowa da daidai shi. Na daɗe ina bibiyarsa, domin ina ganin akwai darasi a cikinsa ga duk al'ummar da ke da gurabe kaɗan da masu nema da yawa. Ya yi maganin wata tsohuwar cuta, ta gaggawa da matsin lamba da cin zalin mai rauni wajen rabon gurbi. Akwai kuma cututtukan da bai taɓa ba, waɗanda ya kamata mai sha'awar kwaikwayonsa ya san da su tun da wuri.

Digiri bai isa ba

A Amurka sai ɗalibi ya gama digirin farko na shekara huɗu kafin ya shiga makarantar likitanci, inda zai ƙara wasu huɗun. Ranar da ya fito za a kira shi dakta, amma ba zai samu lasisin duba marasa lafiya shi kaɗai ba sai ya yi horo a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci. Ɗan koyo a maƙera ba ya zama maƙeri don ya haddace sunayen kayan aiki, sai ya shekara yana zuga yana kallon hannun maigidansa. Wannan zaman koyo shi ne abin da kafofin labaranmu ke nufi idan suka ce likitoci masu neman ƙwarewa.

Tsarin ya samo tushe ne a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, wanda aka buɗe a 1889, inda William Osler da William Halsted suka riƙa ajiye matasan likitoci a cikin asibitin, nan suke kwana nan suke tashi. Tsawon horon ya danganta da fanni. Likitan iyali da na yara da na cututtukan manya shekara uku suke yi, likitan tiyata biyar, na tiyatar ƙwaƙwalwa bakwai. Aiki ne mai cin jiki. Rasuwar wata budurwa 'yar shekara 18, Libby Zion, a wani asibitin New York a 1984, a hannun matasan likitocin da aiki ya yi wa yawa, ita ta tayar da muhawarar da ta kai ga ƙayyade aikinsu a sa'a 80 a mako a faɗin ƙasar daga 2003.

Akwai kuma bashi. Ɗalibin da ya ci bashin karatu yakan fito da kimanin dala 200,000 a wuyansa. Idan bai samu gurbin horo ba, ga digiri a hannu, ga bashi na jira, ga shi ba shi da ikon yin aikin da ya karanta. Shi ya sa ambulan ɗin nan ke sa hannun babban mutum rawa.

Kasuwar da ta rikice

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kai ga wannan tsari an sha wahala. A farkon ƙarni na 20 asibitoci sun fahimci cewa sabon likita ma'aikaci ne mai arha da juriya, kuma guraben da suke da su sun fi ɗaliban da ke fitowa yawa. Sai aka shiga rige-rige. Kowane asibiti na son ya kama ɗalibi mai ƙoƙari kafin maƙwabcinsa ya gan shi, kamar dillalan da ke tare manoma a hanya tun kafin su isa kasuwa. Bana a yi tayin aiki wata shida kafin kammala karatu, baɗi wani ya yi da shekara guda. Kafin tsakiyar shekarun 1940 an kai ana ƙulla yarjejeniya da ɗalibi shekara biyu kafin ya gama, tun bai fara shiga ɗakin marasa lafiya sosai ba, bai san fannin da zuciyarsa ke so ba, shi ma asibitin bai san ko wane irin likita ya saya ba.

A 1945 makarantu suka haɗa baki cewa ba za su saki takardun sakamakon ɗalibai ba sai wata rana da aka tsayar. An toshe wannan ɓaraka, wata ta buɗe. Tunda yanzu duk tayi a lokaci ɗaya yake fita, ɗalibin da asibitin da ya sa a zaɓi na uku ya kira shi yakan ja ƙafa yana jiran na farko. Asibitoci suka gaji da jira, suka fara rage wa'adin amsa. Daga kwana goma ya dawo 'yan sa'o'i, har ta kai a bugo wa ɗalibi waya a ce ya amsa kafin ya ajiye kan wayar. Wasu suka karɓi abin da ba sa so don tsoron tashi a tutar babu, wasu suka karɓa suka dawo suka saɓa alkawari.

Daga nan aka yi tunanin kafa cibiya ɗaya da kowa zai miƙa wa jerin zaɓinsa a asirce. Dabarar farko da aka kawo tana da illa: ɗalibin da ya sa babban asibiti a zaɓin farko bai samu ba yana iya rasa na biyun ma, domin an riga an cike shi. Ɗalibai ne da kansu suka gano haka. Wani ɗalibin Harvard, Hardy Hendren, wanda daga baya ya zama shahararren likitan tiyatar yara, ya jagoranci 'yan uwansa a 1951 suka matsa sai da aka sauya lissafin. A 1952 aka yi rabon farko, ɗalibai kimanin 6,000 a kan gurabe sama da 10,000. Hukumar da ke gudanar da shi ita ce ake kira NRMP a yau.

Yadda lissafin ke tafiya

A 1962 wasu masana lissafi biyu, David Gale da Lloyd Shapley, suka wallafa wata maƙala a kan shiga jami'a da zaman aure, ba tare da sanin abin da likitoci ke yi ba. Tambayarsu ita ce, idan ga samari ga 'yan mata, kowa da jerin waɗanda yake so, za a iya ɗaura aure ta yadda ba za a samu namiji da mace da suka fi son juna a kan abokan zaman da aka ba su ba? Suka tabbatar da cewa ana iyawa, suka nuna hanya. Sirrin hanyar shi ne gidan da aka je nema ba ya cewa an ba ka nan take. Abin da yake cewa shi ne an ji, a dakata. Yana riƙe wanda ya fi kwanta masa cikin waɗanda suka fito, ya sallami saura su nemi wani gidan, kuma idan wanda ya fi ya ɓullo daga baya sai a sauya. Ba a ɗaura komai sai kowa ya gama zagaye.

A 1984 masanin tattalin arziki Alvin Roth ya nuna cewa dabarar da likitoci ke aiki da ita tun 1952 ita ce wannan a zahiri, sai dai asibitoci ne ke zuwa nema, kuma lissafi ya nuna ɓangaren da ke zuwa nema shi ya fi cin moriya. Da ƙorafin ɗalibai ya yi yawa, aka ɗora wa Roth da Elliott Peranson aikin sake fasali. Daga 1998 ɗalibi ne ke zuwa nema. Sabon fasalin ya kuma inganta yadda ake haɗa miji da mata likitoci su faɗa gari ɗaya. A 2012 Roth da Shapley suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda wannan fage, shekara huɗu bayan rasuwar Gale.

Mu ɗauki wata ɗaliba da ta jera Boston, sai Shikago, sai Houston. Kwamfuta za ta fara kai ta Boston. Idan asibitin ya sa sunanta a jerinsa kuma akwai gurbi, sai a riƙe ta na wucin gadi. Can sai ga wani da asibitin ya fifita a kanta, gurabe kuma sun cika. Sai a ɗauke ta a kai ta Shikago. A nan ne hikimar take: Shikago za ta auna ta ne daidai da matsayin da ta ba ta a jerinta, ba ruwanta da cewa ɗalibar ta fara biyawa ta Boston. Idan ta fi wani da aka riƙe a can, shi za a ɗaga ya ci gaba da nasa zagayen. Burin da ta yi na Boston bai jawo mata asarar komai ba.

Ma'anar wannan ita ce babu wata dabara da ta fi faɗin gaskiya. Shawarar da ake ba kowane ɗalibi ita ce ya jera asibitoci yadda zuciyarsa ke son su, ya daina hasashen inda za a fi karɓar sa. Doka ta hana asibiti tilasta wa mai nema ya faɗi matsayin da ya ba shi. Abin da kwamfuta ta fitar kuma alkawari ne a kan kowa, wanda ya saɓa yana fuskantar hukunci har da hana shi shiga rabon gaba. Ba kasafai ɗan Adam ke gina tsarin da mai gaskiya ya fi mai wayo riba ba, kuma wannan ne ya sa nake girmama shi.

Doguwar hanya kafin ambulan

Kwamfuta tana aiki ne da jerin da aka ba ta. Kafin sunan ɗalibi ya shiga jerin wani asibiti sai an kira shi ganawa, kafin a kira shi ganawa sai takardunsa sun tsallake tankaɗe. A nan ne mafi yawan fafutukar take, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A shekara ta uku ɗalibi ke zagaya sassan asibiti, tiyata, haihuwa, yara, taɓin hankali, ana ba shi maki a kowanne. A farkon ta huɗu da yawa kan tafi wani asibitin na wata guda su yi aiki, don manyan can su gan su da idonsu. A watan Satumba ake tura takardu, akasari ta wata kafar intanet mai suna ERAS: sakamakon jarrabawa, wasiƙar shugaban makaranta, wasiƙun shaida daga manyan likitoci, jerin binciken da ɗalibi ya sa hannu a ciki, da wani ɗan rubutu da zai bayyana dalilinsa na son fannin. Daga Oktoba zuwa Janairu ake ganawa. Zuwa farkon Maris kowane ɓangare ya miƙa jerinsa.

Shekara da shekaru makin kashin farko na jarrabawar lasisi ta USMLE shi ne rariyar da asibitoci ke tace dubban takardu da ita. Ɗalibai suka riƙa ƙaurace wa aji suna kulle kansu wata da watanni saboda wannan maki mai lamba uku. A watan Janairun 2022 aka daina ba da maki a wannan kashi, ya koma an ci ko an faɗi. Niyyar mai kyau ce, amma in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Nauyin ya koma kan kashi na biyu da har yanzu ake ba da maki, da kan yawan maƙalun bincike, da sunan makarantar da mutum ya fito. Ɗalibin ƙaramar makaranta da a da yake iya nuna kansa da babban maki ya rasa ɗaya daga cikin makamansa.

Sai kuma annobar yawan nema. Tunda danna maɓalli ne kawai, tsoro ya sa ɗalibi ɗaya na tura takardu asibitoci gommai, likitan da ya yi karatu a wata ƙasa kuwa sau da yawa ya haura ɗari, kuma kowanne da kuɗinsa. Sashen da ke da gurbi goma sai ya tashi da takardu dubbai, ba mai iya karanta su duka, don haka sai a koma tacewa da lambobi. Don rage wannan, likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suka fara wata dabara a 2020: a ba kowane mai nema 'yan alamomi ƙididdigaggu da zai aika wa asibitocin da yake so da gaske. Fannoni da dama sun bi sahu. A shekarar ce kuma cutar korona ta mayar da ganawa ta bidiyo, abin da ya sauke wa ɗalibai kuɗin jirgi da otal da a da yake cinye dubban daloli. Duk da haka, mai hali ya fi samun damar tafiya wani gari na wata guda ko ɗaukar shekara ɗaya yana bincike ba albashin kirki. Kwamfutar ba ta san ɗan wane ba, amma hanyar da ke kaiwa gare ta ta san mai kuɗi.

Wanda ambulan bai iso gare shi ba

Bikin Juma'a na da wata Litinin a gabansa. Ranar ce ake aika wa kowa saƙo a taƙaice: ka samu, ko ba ka samu ba, ba tare da faɗin wuri ba. Wanda bai samu ba yana da kwana huɗu ya shanye baƙin cikinsa ya nemi guraben da suka rage. Kafin 2012 wannan mako kokawa ce ta waya da fakis, kowa na bugawa har layi ya toshe. Yanzu an tsara shi zagaye-zagaye, amma zafinsa na nan. Wanda ya yi shekaru yana shirin zama likitan ƙashi yana iya wayar gari ranar Alhamis ya karɓi gurbin shekara ɗaya a fannin da bai taɓa tunani ba, a jihar da bai taɓa takawa ba.

A 2024 an fitar da gurabe sama da 41,000, waɗanda suka miƙa jerin zaɓi kuma sun kusa 45,000. Cikin ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun Amurka masu ba da digirin MD, fiye da 9 cikin 10 sun samu. Yawan guraben kansa magana ce ta kuɗi. Kaso mafi tsoka na kuɗin horon daga Medicare yake fitowa, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin tarayya, kuma wata dokar kasafi ta 1997 ta daskarar da adadin guraben da take biya wa kowane asibiti. Sai a ƙarshen 2020 majalisa ta ƙara 1,000. Ƙarin da aka samu a tsakani, asibitoci da jihohi ne suka ɗauki nauyin mafi yawansa.

Akwai wani abin da Roth ya tabbatar a 1986 wanda ya kamata duk mai tsara manufa ya sani. An yi fatan a murɗa lissafin ta yadda asibitocin karkara za su samu likitoci. Ya nuna cewa muddin ana son rabon da ba wanda zai tsallake, asibitin da bai cika gurabensa ba zai tashi da mutanen nan dai da ya samu, ko ta wace hanya aka bi. Kwamfuta ba ta sa mutum son inda ba ya so. Shi ya sa ake turmutsutsu a kan fannin fata da gyaran jiki da tiyatar ƙashi, inda albashi ke da tsoka, yayin da ɗaruruwan guraben likitan iyali ke kwana ba kowa duk shekara. A 2023 fannin agajin gaggawa ya tashi da gurabe sama da 500 babu mai so, bayan abin da ma'aikatansa suka gani a lokacin korona.

Masu suka kuma na cewa tsarin ya ɗaure hannun sabon likita, tunda ba ya iya cinikin albashi da asibiti biyu. A 2002 wasu likitoci ƙarƙashin Paul Jung suka kai ƙara kan haka. Kafin shari'a ta yi nisa, a 2004, majalisa ta yi dokar da ta kare tsarin daga irin wannan ƙara, aka kori shari'ar. Tambayar da suka yi kuwa har yau ba a amsa ta yadda kowa ya gamsu ba.

Likitan da ya taso daga nesa

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin da ke aiki a Amurka a wata ƙasa suka yi karatu, kuma akwai 'yan Najeriya da Ghana da Sudan da yawa a cikinsu. Likitan da ya fito daga Zariya ko Kano ko Sakkwato yana son shiga wannan rabo sai ya ci kashi biyu na USMLE, ya ci jarrabawar Ingilishi ta ma'aikatan lafiya, sannan hukumar ECFMG, wadda aka kafa a 1956, ta tantance takardunsa daga makarantarsa. Duk da dala ake biya. Ana kuma son ya nuna ya taɓa zama a asibitin Amurka ya samu wasiƙar shaida daga can. Ko da ya riga ya zama ƙwararre a gida, daga ajin farko zai soma.

Bayan duk wannan, cikin baƙin da ba 'yan ƙasa ba kusan 6 cikin 10 ne ke samu, kuma akasari a fannonin da 'yan ƙasa suka rage, kamar cututtukan manya da likitan iyali da na yara. Yawancinsu da bizar J-1 suke shiga, wadda ta shardanta komawa gida na shekara biyu bayan horo. Amma tun 1994 akwai wani shiri da ke yafe wannan sharaɗi ga wanda ya yarda ya yi shekara uku a yankin da ke ƙarancin likitoci, inda kowace jiha ke da damar ɗaukar har mutum 30 a shekara. Wato giɓin karkarar da lissafi ya kasa cikewa, da likitocin ƙasashe matalauta ake toshe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya da Nijar cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Ba na ganin laifin matashin da ya nemi inda za a daraja guminsa, amma kowane ambulan irin wannan da aka buɗe a can, akwai layin marasa lafiya da ya ƙara tsawo a nan.

Mu a gida

A Najeriya ɗalibi ba ya neman gurbin ƙwarewa yana makaranta. Sai ya gama shekara shida, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, sannan ya ci jarrabawar share fage da likitoci ke kira firamare, ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma. Daga nan kowa tasa ta fisshe shi. Kowane asibitin koyarwa na fitar da tallarsa a lokacin da ya samu izinin ɗaukar ma'aikata, ya yi jarrabawarsa, ya fitar da sunaye ranar da ya ga dama.

Ɗan yayata ya bi wannan hanya ina kallo. Yana da wata jaka ruwan ƙasa da ba ya rabuwa da ita, cike da kwafin takardu kashi-kashi, kowane kashi an maƙale masa hoton fasfo. Ya hau motar dare ya je wani asibiti ya rubuta jarrabawa da ɗaruruwan mutane, ya dawo ya jira wata huɗu shiru. Wani asibitin ya sa ranar ganawa ta yi karo da ta wani. A na ukun wani ya ja shi gefe ya tambaye shi ko yana da wanda zai yi masa magana a sama. Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida ya ce mini, "Kawu, da za a fito a ce min ban samu ba, wallahi da na huta, in san abin da zan kama." A cikin wannan jira abokan karatunsa biyu suka haɗa takardu suka bar ƙasar. Da ya samu daga ƙarshe, wani abokinsa ne ya ɗauki hoton allon sanarwa ya turo masa ta WhatsApp.

Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne. Albashi da tsaro da kayan aiki su ne manyan dalilai, kuma su ne ke fitar da NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, yajin aiki akai-akai. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ƙofar da aka kulle da ƙarfi ba ta sa na ciki son ɗakin. Rashin tabbas a daidai shekarun da matashi ke yanke shawarar rayuwarsa shi ma yana kora, kuma shi ne ya fi sauƙin gyara.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun 2017 hukumar JAMB ke tafiyar da shiga jami'a ta kafa ɗaya, kuma tun 2021 hukumar kula da likitoci ta MDCN ke raba guraben shekarar sanin makamar aiki a asibitocin tarayya ta shafinta. Akwai kuma dokar horon ƙwarewa ta 2017 da ta tanadi asusun tallafa wa masu horon. Abin da ya rage shi ne kwalejoji da ma'aikatar lafiya da shugabannin asibitoci su zauna su tsayar da kalanda ɗaya ta shekara. Kowane sashe ya bayyana guraben da yake da kuɗinsu a hannu da ma'aunin da zai bi. Kowane likita ya nema sau ɗaya, ya jera zaɓinsa, asibitoci su jera nasu, a fitar da sakamako rana ɗaya a gaban kowa.

Wannan ba zai ƙara gado ko ɗaya a asibiti ba, ba kuma zai kai likitan tiyata ƙauyen da ba wuta ba ruwa ba. Darasin 1986 ya shafe mu kamar yadda ya shafi Amurka: wanda ake so ya je nesa sai an ba shi gida da alawus da tsaro da zai sa ya rubuta sunan wurin da hannunsa. Amma zai cire wa ɗan talaka buƙatar neman wanda zai yi masa magana, ya kuma ba shi ranar da zai san matsayinsa. Ɗaliban da suka gyara tsarin Amurka a 1951 ba su da muƙami ko kuɗi, lissafin kawai suka zauna suka karanta suka ce akwai zalunci a ciki. Ƙungiyoyin ɗaliban likitancinmu da ta masu neman ƙwarewa na da ƙarfin da za su sa wannan buƙata cikin jerin abin da suke nema, kusa da albashi, kuma ina roƙonsu su sa ta.